Mari Kuri, wadda ta koya wa mata ɗaukar hoton ƙashi

1. Hoton da ke nuna ƙashi

A nan Bader Gula, idan yaro ya faɗo daga kan jaki, ko raƙumi ya kayar da mai shi, ko amalanke ta kife da mutum har ya karye, wurin maɗori ake fara zuwa. Maɗori yakan shafa wurin da hannu, ya ja ƙashin, ya daidaita shi, sannan ya ɗaure da karare. Sau da yawa ɗorin yakan kama. Amma akwai karayar da hannu ba ya iya gane ta, kamar idan ƙashi ya farfashe, ko karayar ta shiga cikin gaɓa. Irin wannan sai an kai mutum asibitin Dakoro, in ta yi tsanani a wuce da shi Maraɗi.

A babban asibiti akwai wani ɗaki da ake ɗaukar hoton abin da ke cikin jiki. Mutanenmu suna cewa an yi wa wane radiyo. Ba akwatin da muke sauraren labarai da shi ba ne. Na'ura ce mai fitar da wani irin haske wanda ido ba ya gani. Sunansa hasken X. Yana ratsa fata da tsoka, amma ƙashi da ƙarfe suna tare shi. Shi ya sa ƙashi yake fitowa fari a jikin hoton.

Na'urar ba ta aiki ita kaɗai. Akwai ma'aikaci mai sarrafa ta. Da Faransanci ana ce da namiji manipulateur, mace kuma manipulatrice. Maɗori yakan shekara da shekaru yana koyo gaban ubansa kafin a bar shi ya taɓa karaya. To, shi ma mai ɗaukar hoton ƙashi sai ya yi karatu. Yau za mu karanta tarihin wata mata wadda tana cikin mutanen farko da suka buɗe ajin koyar da wannan aiki. Sunanta Mari Kuri. Da Faransanci ana rubuta shi Marie Curie.

2. Ƙuruciyarta

An haife ta ranar 7 ga watan Nuwamba na shekarar 1867 a birnin Warso, cikin ƙasar Polan, a Turai. Sunanta na yanka Mariya. Ita ce auta cikin ƴaƴa biyar. Ubanta malamin lissafi ne da kimiyya. Uwarta kuma ta shugabanci wata makarantar ƴan mata. A lokacin nan Rasha ce ke mulkin Warso, kuma da harshen Rasha ake tilasta wa yara karatu, ba da harshen iyayensu ba.

Mariya ta ga baƙin ciki tun tana ƙarama. Babbar yayarta ta rasu a 1876. Shekara biyu bayan haka tarin fuka ya kashe uwarta, ita tana da shekara goma. Duk da haka ba ta saki karatu ba. A 1883 ta gama sakandare, ita ce ta ɗaya, har aka ba ta lambar zinariya.

Sai dai a Warso ba a karɓar mata a jami'a, kuma ubanta ba shi da kuɗin tura ta wata ƙasa. Sai ita da yayarta Boroniya suka ƙulla shawara. Boroniya za ta tafi Paris, babban birnin Faransa, ta koyi aikin likita. Mariya za ta tsaya ta yi aiki tana aika mata kuɗi. In Boroniya ta gama, ita kuma sai ta ɗauki nauyin ƙanwarta.

Haka aka yi. Mariya ta tafi ƙauye, ta zauna gidan wasu masu hali tana koyar da ƴaƴansu. In ta tashi aiki sai ta tara ƴaƴan manoma tana koya musu karatu da rubutu da harshen Polan, a ɓoye, domin hukuma ta hana. Da dare kuma ta buɗe littattafan lissafi tana koya wa kanta.

3. Karatu a Paris

A 1891 lokacinta ya zo. Ta shiga jirgin ƙasa ta tafi Paris, tana da shekara 24. Ta shiga jami'ar Sorbon, ta mai da sunanta Mari, yadda Faransawa ke faɗa. Ta kama wani ɗan ƙaramin ɗaki a can saman bene. Sanyi ya dame ta, abinci bai ishe ta ba, Faransancinta ma da farko bai nuna sosai ba. Amma a 1893 ta ci jarrabawar fizik, ita ce ta ɗaya. Fizik shi ne ilimin haske da zafi da lantarki da motsin abubuwa. A 1894 ta ci ta lissafi, ita ce ta biyu.

A 1895 ta auri wani masanin kimiyya mai suna Piyer Kuri. Daga nan aka san ta da Mari Kuri. Sun haifi ƴaƴa mata biyu: Iren a 1897, da Eb a 1904.

A shekarar aurensu wani babban abu ya faru a Jamus. Ranar 8 ga Nuwamba 1895 wani malamin jami'a mai suna Wilhelm Rontgen ya gano haske mai ratsa jiki. Bai san ko mene ne ba, sai ya sa masa suna X, kamar yadda muke sa x a lissafi a madadin adadin da ba mu sani ba. Ya ɗauki hoton hannun matarsa. Ƙasusuwan yatsunta suka fito, har da zobenta. Kafin shekara ta kewayo labarin ya game duniya.

A 1896 wani Bafaranshe mai suna Hanri Bekerel ya gano cewa ma'adinin uraniyom shi ma yana fitar da haske marar ganuwa, shi da kansa, ba tare da lantarki ba. Wannan uraniyom shi ne wanda aka fara haƙowa a Arlit, a arewacin ƙasarmu, a 1971.

Mari Kuri ta ɗauki wannan al'amari ta shiga bincike, mijinta ya taya ta. A 1898 suka gano sababbin sinadarai biyu. Na farko ta sa masa suna poloniyom, don tunawa da ƙasarta. Na biyu shi ne radiyom. A cikin wata tsohuwar rumfa mai yoyo suka yi aikin. Mari takan wuni tana dama tafasasshen garin dutse a babbar tukunya da sandar ƙarfe. Sai a 1902, bayan ta narka duwatsu masu nauyin tan-tan, ta samu gishirin radiyom wanda nauyinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na giram ba.

A 1903 aka ba su kyautar Nobel, ita da mijinta da Bekerel. Ita ce mace ta farko da ta samu wannan kyauta. A 1906 keken doki ya take Piyer a kan titi, ya mutu nan take. Jami'ar Sorbon ta ba Mari kujerarsa, ta zama mace ta farko da ta koyar a can. A 1911 aka sake ba ta kyautar Nobel, wannan karo ita kaɗai.

4. Yaƙi ya tashi

A watan Agusta 1914 yaƙin duniya na farko ya ɓarke. A nan ƙasar Hausa lokacin ana fama da yunwar da tsofaffi suka kira Kakalaba. A can Faransa kuwa sojoji ne ke faɗuwa dubbai. Cikinsu har da ƴan Afirka ta Yamma waɗanda Faransa ta kai fagen fama.

Harsashi da ɓarɓashin bom sukan shige jikin soja su ɓuya. Likitan fiɗa sai ya yi ta lalube cikin rauni yana neman ƙarfen. Kafin ya same shi, rauni ya ƙara faɗi, ya ruɓe. Da yawa aka yanke musu hannu ko ƙafa, da yawa suka mutu. Na'urorin hasken X suna nan, amma a manyan asibitocin birni, nesa da inda ake yaƙi.

Mari Kuri ba likita ba ce, kuma ba a kan hasken X ta yi bincikenta ba. Amma ta san yadda yake aiki. Sai ta yi tunani: tun da marar lafiya ba zai iya zuwa wurin na'ura ba, a kai na'ura wurinsa. Ta bi masu hali tana roƙon motoci da kuɗi. Wata ƙungiyar matan Faransa ta biya kuɗin motar farko. Aka sa na'urar hasken X a ciki, da kayan wanke hoto, da dinamo. Injin motar ke juya dinamon, shi kuma ya ba da lantarki, domin yawancin asibitocin bakin daga ba su da wuta.

A ƙarshen 1914 ta fara fita da motar, tare da ƴarta Iren, mai shekara 17. In sun isa asibiti sai a zaɓi ɗaki, a rufe tagogi da labule don ya yi duhu, a jawo waya daga mota zuwa na'ura, a fara shigo da masu rauni ɗaya bayan ɗaya. Kafin yaƙi ya ƙare ta haɗa motoci 20, ta kuma kafa ɗakunan hoto wajen 200 a asibitoci. Daga baya aka riƙa kiran motocin nan ƙananan Kuri.

5. Malama ta koma ɗaliba

Ga wani abin lura. Matar nan tana da shekara 47, tana da kyautar Nobel biyu, duniya duka ta san sunanta. Amma da ta ga akwai abin da ba ta sani ba, sai ta koma koyo. Ta ɗauki littattafan likitoci ta koyi sunayen ƙasusuwa da yadda gaɓoɓi suke. Ta koyi sarrafa na'urar da hannunta. Ta koyi tuƙin mota, da sauya taya, da gyaran inji idan ya mutu a hanya.

Iren ma haka. Ta yi karatun jinya, ta ƙware a aikin hoto. Tana da shekara 18 aka bar mata ɗakin hoto na wani asibitin soja a ƙasar Beljiyam, ita kaɗai, ana jin ƙarar igwa daga inda take.

Aikin yana bukatar lissafi. Hoto ɗaya yana nuna cewa akwai harsashi, amma ba ya nuna zurfinsa. Sai an ɗauki hoto daga wuri biyu, a auna yadda inuwar harsashin ta gusa, a yi lissafi, sannan a gaya wa likita daidai inda zai tsaga da zurfin da zai shiga. Da farko wasu manyan likitoci ba su yarda da wannan ba. Da suka ga ana samun ƙarfe daidai inda aka nuna, sai suka daina fiɗa ba tare da hoto ba.

6. Ajin mata masu ɗaukar hoto

Ba a daɗe ba sai wata matsala ta fito. Na'urori sun yi yawa, waɗanda suka iya aiki da su kaɗan ne. A wani wuri a tarar da na'ura sabuwa an ajiye ta, ba mai taɓawa. A wani wurin kuma wanda bai iya ba ya lalata ta, ko ya fitar da hoto dishi-dishi wanda ba a gane komai a ciki. Mari Kuri ta gane cewa tara kaya bai isa ba. Sai an horar da mutane.

A 1916 aka buɗe wani asibitin koyar da jinya a Paris mai suna Edit Kabel. Aka ɗora wa Mari Kuri koyar da aikin hasken X. Ta fara da mata 20. Ita da Iren ke koyarwa, kuma ɗaliban sukan zo cibiyar bincikenta ta radiyom su yi aiki da hannu. Wasu ma'aikatan jinya ne, wasu ƴan aikin gida ne, wasu ƴaƴan masu kuɗi ne. Wasunsu karatunsu bai yi nisa ba. Ba ta raina kowa ba. Abin da take nema shi ne natsuwa da kula.

Ga abin da ake koya musu. Na farko, lantarki: mene ne shi, yaya yake gudana, yaya ake haɗa wayoyi. Na biyu, hasken X: yadda na'ura ke fitar da shi, da yadda ake ƙara ƙarfinsa ko a rage. Na uku, jikin ɗan Adam: kowane ƙashi da wurinsa, da yadda ake kwantar da mai rauni ba a ƙara masa ciwo ba. Na huɗu, wanke hoto a ɗaki mai duhu. Na biyar, lissafin gano wurin harsashi.

Karatun ƴan makonni ne, domin yaƙi ba ya jira. In rukuni ɗaya ya gama sai a rarraba su asibitoci, a ɗauki wani. A ƙarshe mata wajen 150 suka fito daga wannan aji. An ƙiyasta cewa masu rauni fiye da miliyan ɗaya aka duba da motocin nan da ɗakunan hoton da ta kafa. Yaƙi ya ƙare a 1918. A 1921 Mari Kuri ta wallafa littafi a kan aikin hasken X a lokacin yaƙin, don abin da aka koya kada ya ɓace.

7. Abin da ba a gama sani ba

Hasken X yana da amfani, yana kuma da haɗari. Ba a ganinsa, ba a jin zafinsa lokacin da yake shiga jiki. Amma in ya yi yawa yana ƙona fata, yana lalata jini, yana kawo ciwon daji. Marar lafiya sau ɗaya ko sau biyu ake yi masa hoto, abin da ke shiga jikinsa kaɗan ne. Ma'aikaci kuwa kullum yana wurin. In bai kare kansa ba, kaɗan-kaɗan ɗin nan yana taruwa.

A zamanin yaƙi an san hasken yana ƙuna, amma ba a san iyakar ɓarnarsa ba. Kayan kariya ba su wadata ba, ga gaggawa. Ma'aikata sukan tsaya dab da na'ura tun safe har dare, wani lokaci hannunsu cikin hasken. A ƙasashe da yawa likitoci da ma'aikatan farko sun rasa yatsu, wasu sun rasa rayukansu.

Mari Kuri ma ba ta tsira ba. Yatsunta sun ƙone saboda radiyom. Yana ta rufe mata ido har sai da aka yi mata aiki. Gajiya ta riƙa kama ta. Ta rasu ranar 4 ga Yuli 1934, tana da shekara 66. Ɓargonta ne ya daina yin jini. Iren, wadda ita ma ta samu kyautar Nobel a 1935 tare da mijinta, ta rasu a 1956 da ciwon dajin jini.

A 1995 Faransa ta mai da gawar Mari Kuri da ta mijinta Panteyon, gidan da ake binne manyan mutanen ƙasar a Paris. Masana suka auna, suka ga radiyom ɗin da ke tare da gawar bai kai yadda aka zata ba. Saboda haka suka fi zargin hasken X na lokacin yaƙi da jawo mata ciwon. Littattafan da ta riƙa rubutu a ciki a ɗakin bincike kuwa, a cikin akwatunan dalma ake ajiyarsu, domin har yanzu suna fitar da haske marar ganuwa.

Tun tana da rai aka fara gyara. A 1928 masana daga ƙasashe dabam-dabam suka taru a birnin Istokholm na ƙasar Suwidin, suka kafa kwamitin da ke tsara ƙa'idodin kariya daga wannan haske. An sha sauya ƙa'idodin nan. Duk lokacin da ilimi ya ƙaru, sai a rage yawan hasken da aka yarda ya shiga jikin ma'aikaci.

8. Mai ɗaukar hoton ƙashi a yau

Karatun da matan Mari Kuri suka yi cikin makonni, yanzu shekaru ake yi ana yin sa. A Faransa shekara uku ne bayan an ci jarrabawar bak. Kuma samun takardar shaida ba shi ne ƙarshe ba. Dokar ƙasar ta ce duk ma'aikacin da ke aiki kusa da wannan haske sai an sabunta masa horon kariya aƙalla sau ɗaya a cikin shekara uku. Dalili shi ne na'urori suna sauyawa. Da a kan gilashi ake ɗaukar hoto, aka koma fim, yanzu a wurare da yawa a allon kwamfuta yake fitowa. Ga kuma sikana, mai nuna cikin jiki yanki-yanki. Wanda ya tsaya kan abin da ya koya shekara ashirin da suka wuce zai cuci kansa, ya cuci marar lafiya.

Ƙa'idodin kariya uku ne. Na farko, rage lokaci: kada a kunna hasken sai da bukata, kada a maimaita hoto a banza. Na biyu, nisa: in ka ninka tazarar da ke tsakaninka da na'ura sau biyu, hasken da ke iso ka zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. Na uku, shamaki: dalma tana tare hasken, shi ya sa ma'aikaci ke tsayawa bayan bango ko gilashi mai dalma, ko ya sa riga mai nauyi ta dalma. Yana kuma maƙala wani ɗan ma'auni a ƙirjinsa, wanda ke ƙirga hasken da ya same shi. Kafin ya ɗauki hoton mace yakan tambaye ta ko tana da ciki, domin ɗan tayi ya fi kowa rauni gaban wannan haske.

Ƙasarmu tana bukatar irin waɗannan ma'aikata, maza da mata. A 2021 aka buɗe wurin farko na gashin ciwon daji da irin wannan haske a Yamai. Na'ura ana saye da kuɗi a kawo ta cikin kwana kaɗan. Wanda zai riƙe ta kuwa sai an shekara ana koya masa, kuma daga aji irin namu yake farawa, da lissafi, da kimiyya, da Hausa, da Faransanci.

In wata rana an kai ka ɗakin hoto, ka bi abin da ma'aikaci ya ce. In ya ce ka tsaya cik, ka tsaya. In ya ce ka riƙe numfashi, ka riƙe. In ya ce ɗan rakiya ya fita waje, ba wulakanci ba ne, kare shi yake yi.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙashi yake fitowa fari a hoton hasken X?
2. Wace shawara Mariya da yayarta suka ƙulla don su yi karatu?
3. Daga ina motocin Mari Kuri suke samun lantarki?
4. Faɗi abubuwa uku da Mari Kuri ta koya bayan ta girma ta yi suna.
5. Waɗanne darussa ake koya wa mata a ajin 1916?
6. Ma'aikaci yana tsaye mita 1 daga na'ura. Ya ja baya zuwa mita 2. Kashi nawa na hasken ke iso shi yanzu?
7. Ka tambayi wani maɗori na garinku shekara nawa ya yi yana koyo, da wurin wanda ya koya. Ka rubuta amsarsa cikin layi biyar.